Yadda Ake Kwance Fil ɗin Takalman Birkin Babur Idan Tsatsa Ta Kama Shi

Fil ɗin da ke riƙe takalman birkin faifai bai wuce tsawon yatsa ba, kaurinsa ma bai kai na fensir ba. Amma ranar da ya ƙi fita, aikin minti 15 sai ya ci yini biyu, wani lokaci ya tafi da kalifa gaba ɗaya, wato gidan da takalman ke zaune a ciki wanda ya rungumi faifai. Na taɓa karɓar wani babban babur ɗan Kwatano daga hannun ƙanena bayan ya gwada ƙarfinsa a kai. Ramin da ke kan fil ɗin, inda ake zura alanki (makulli mai kusurwa shida), ya riga ya zama zagayayye sumul, gefen fil ɗin kuma ga wani farin gari ya taru kamar niƙaƙƙiyar kanwa. Da ya tsaya tun juyin farko da ya ji alankin ya sulluɓe, da aikin bai kai mu wurin mai walda ba.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, fil abu ne mai araha, kalifa kuwa tsada gare ta, ta babur ɗan waje ma samunta kaɗai wahala ne. Duk dabarar da za ka yi, ka yarda fil ya lalace, amma kada ka bari kalifa ta ji ciwo.

Wannan bayani na masu birkin faifai ne. Yawancin baburan haya irin su Boxer birkin ganga gare su gaba da baya, babu ruwansu da wannan matsala. Masu Pulsar, Apache, wasu roba-roba masu faifai a gaba, da manyan baburan Honda, Suzuki, Yamaha da Kawasaki, su ne abin ya shafa.

Me ke sa ya kame

Kalifa, wato gidan da ya rungumi faifai, da alminiyam ake yin ta. Fil kuwa ƙarfe ne. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyam ne ke ciwuwa, sai ya riƙa fitar da wannan farin garin. Garin ya fi asalin alminiyam ɗin cin wuri, shi ya sa yake cika 'yar kafar da ke tsakanin fil da raminsa, ya matse shi kamar an zuba siminti. Ga kuma jar tsatsar fil ɗin kansa, ga ƙurar birki, ga zafi da sanyi kullum.

Baburan da aka yi amfani da su a Turai sun fi kowanne wannan ciwo, domin can ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa hanzarta cin ƙarfe yake. Namu na gida ma ba su tsira ba: kududdufin damina, taɓo, da wanki da ruwa mai ƙarfi da omo da ke wanke ɗan giris ɗin da ke wurin. Wani lokaci kuma babu wata tsatsa, wanda ya ɗaure shi a baya ne ya danne shi da ƙarfin da ya wuce kima.

Fara sanin irin fil ɗin da ke gabanka

Kafin ka ɗauki guduma, wanke kalifar da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka duba da kyau. Kada ka hure ƙurar da baki ko da iskar famfo, domin ba abin shaƙa ba ce.

Iri na farko mai tiredi ne, wato murɗaɗɗen haƙori irin na noti. Kansa na da ramin alanki, galibi milimita 5, tiredin yana ƙarƙashin kan, sauran jikinsa santsi ne, ya ratsa kunnuwan takalman biyu, bakinsa ya shiga wani rami a ɗaya ɓangaren kalifar. A kan kalifofin kamfanin Nissin da ke jikin Honda da yawa, ba za ka ga kan fil ɗin ba sai ka cire wani ɗan murfi mai tsaga ɗaya irin ta sukundireba. Mutane da dama sukan ɗauka murfin nan shi ne fil ɗin.

Iri na biyu ba shi da tiredi sam. Zura shi ake yi, sai a tare shi da 'yar waya mai lanƙwasa ko fil mai baki biyu da ake buɗewa. Wannan ba juya shi ake yi ya fita ba, turo shi ake yi. A cikin irinsa akwai mai wuyar sha'ani, wanda ramin da bakinsa ke shiga toshe yake ta baya, babu ta inda za ka bugo shi. Ana samun haka a birkin baya na wasu tsofaffin Suzuki irin su Bandit da SV650.

Idan ka buga mai tiredi da nufin turo shi, ka kashe tiredin kalifa. Wannan dubawar ta minti 2 ita ce rabin aikin.

Kayan aiki

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne alanki mai kyau, wanda bakinsa ke da kaifin kusurwa, kuma ya fi kyau a samu irin mai kan soket da za a iya bugun bayansa. Alankin nan mai lanƙwasa na cikin jakar kayan babur ba na wannan aiki ba ne, mai dunƙulallen baki kamar ƙwallo kuwa kada ma ka kusanto da shi, domin shi ne sarkin cinye rami. Idan alankinka ya ɗan gaji a baki, a yanke masa milimita 2 ko 3 a dutsen wasa, sabon baki ya fito.

Sai ƙaramar guduma, sukundireba mai faɗin baki, sukundirebar bugu idan da hali (wadda ake bugun gindinta da guduma ta juya da kanta), filaya mai kullewa, magagari, zarton ƙarfe, siririn ƙarfen bugu mai lafiyayyen baki wanda bai kai fil ɗin kauri ba, man kwance tsatsa, butar ruwan zafi, tsummoki da kwali. Ka kuma nemi sabon fil da sababbin takalma kafin ka fara. Da zarar ka shiga wannan aiki, ka ɗauka tsofaffin sun tashi daga aiki.

Mataki na 1: bar kalifar a jikin babur

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwance kalifa a riƙe ta a hannu, sannan a ce za a kwance fil. Ba za ka samu ƙarfin juyi ba, tana ta mirginawa, tiyon man birki na shan wahala. Jikin babur shi ne matsar da ta fi kowace. Kafe babur a kan babbar ƙafarsa a ƙasa mai tauri, wani ya riƙe maka kan idan birkin gaba ne, notocin kalifa kuma su zauna a ɗaure. Zura kwali ko leda mai kauri ka rufe faifai da taya gwargwadon iko.

Mataki na 2: murfin

Idan akwai murfi mai tsaga, shi ne jarrabawar farko, kuma ƙarfensa laushi gare shi. Kankare tsagar da allura har ƙasa. Zaɓi sukundirebar da bakinta ya cika tsagar tsawo da kauri, ba ya rawa. Dasa ta, ka ɗan buga gindinta sau 3 ko 4, sannan ka danna da nauyin jikinka kana juyawa hagu, wato kishiyar tafiyar agogo. Dannawa ta fi juyawa yawa. Idan ya ƙi, sukundirebar bugu ce maganinsa. Idan tsagar ta riga ta lalace, sa bakin ƙaramin kurfi a gefen murfin a karkace, ka riƙa bugunsa a hankali yana zagayawa hagu. Murfin zai lalace, ba komai, sabo ake sawa.

Mataki na 3: tono ramin alankin

Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Ramin kan fil yakan cika da busasshen taɓo da tsatsa har rabi. Idan ka zura alanki a haka, rabin bakinsa kawai ya kama, juyi ɗaya ya cinye gefen. Ɗauki allura ko tsinin waya ka tono kusurwoyi shidan nan ɗaya bayan ɗaya, har ka ji kana kankarar ƙarfe a ƙasa. Haska da fitilar waya ka gani da idonka. Sannan ka sa alankin ka buga bayansa da guduma har ka ji sautin ya sauya, ya zama sautin ƙarfe a kan ƙarfe. Yanzu ya zauna.

Mataki na 4: mai, da haƙurin jira

Fil mai tiredi yakan kame a wuri biyu: wajen tiredin, da wajen bakinsa a ɗaya ɓangaren. Duka biyun za ka jiƙa, ta waje da ta ciki inda fil ya fito daga jikin kalifa.

Kada ka fesa mai kamar mai ban ruwa. Robobin da ke zagaye da fistin, wato abin da ke tura takalman su matse faifai, ba sa shiri da duk wani mai na dangin fetur, kananzir, gas ko baƙin mai. Kumbura suke yi, fistin ya daina komawa, birki ya riƙa kamawa. Fesa man a murfin kwalba, ka riƙa ɗiba da tsinken tsintsiya ko sirinji kana ɗigawa daidai wurin. WD-40 na taimakawa, amma man da aka yi musamman don kwance tsatsa ya fi shi ratsawa. Makanikanmu da yawa man birki suke ɗigawa a kan notin da ya kame, kuma a nan wurin yana da fa'ida guda, ba ya cutar da robobin kalifa. Sai dai yana cin fenti, don haka duk inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take.

Bayan ka ɗiga, ɗan bubbuga kan fil ɗin don girgizar ta buɗe wa man hanya. Maimaita bayan kowane minti 20 ko 30. Idan babur ɗin ya shekara biyu ko uku ba a taɓa fil ɗin ba, bar shi ya kwana. Na san mai babur na son hawa abinsa yau, amma kwana ɗaya na jira ya fi mako guda na yawon neman kalifa a kasuwa.

Mataki na 5: juyin farko

Sake dasa alankin har ƙasa. Buga bayansa da ƙarfi matsakaici sau 5 zuwa 10, saitin tsawon fil ɗin. Ba so kake ka tura shi ciki ba, so kake ka farfasa garin da ya daskare a tsakanin tiredi. Idan kalifar irin mai zamewa ce a kan sanduna biyu, tallafe bayanta da hannu ko guntun katako don kada bugun ya tafi a banza.

Sa hannun soket, tafin hannunka ɗaya na danne kan alankin don kada ya karkace. Fara da ɗan juyi dama, kamar za ka ƙara ɗaurewa, ɗan kaɗan ƙwarai. Sannan ka juya hagu da ƙarfi mai ƙaruwa sannu a hankali, ba fizga ba.

A nan sai ka saurari hannunka. Idan ka ji "ƙas!" lokaci guda, alhamdu lillahi, ya saki. Idan kuwa ka ji hannun na tafiya da laushi kamar kana murɗa ɗanyen reshe, tsaya nan take. Ko dai ramin ne ke cinyewa, ko alankin ke murɗewa, ko kan fil ɗin ke shirin tsinkewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ƙarin ƙarfi zai gyara. Kuma kada ka zura bututu a hannun don ƙara tsawo. Ramin milimita 5 ba zai ɗauki wannan ƙarfin ba.

Idan ya motsa ko da kaɗan ne, kada murna ta sa ka zarce. Ɗiga mai, mayar da shi dama, dawo da shi hagu, kowane zuwa ka ƙara kaɗan. Za ka ga man na fitowa ja ko fari-fari, dattin ne ke fita. Tiredin alminiyam na iya biyo fil ya fito idan aka murɗe shi a bushe da ƙarfi. Da tiredin ya ƙare, danna takalman da yatsa don sassauta matsin da farantin sifirin, wato siririn ƙarfen da ke danne su, ke yi musu, sai ka zaro fil ɗin da filaya kana jujjuya shi.

Sukundirebar bugu na aiki sosai a wannan mataki, domin tana haɗa dannawa da juyawa a bugu ɗaya. Tabbatar ka saita ta ɓangaren kwancewa, ka gwada ta a kan katako tukuna.

Mataki na 6: zafi, amma da hankali

Idan mai da bugu sun gaza, sai zafi. Hikimar ita ce alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, don haka idan kunnen kalifa ya ɗumama, ramin na saki fil ɗin kaɗan. Jikin kalifa da ke zagaye da fil ake gasawa, ba fil ɗin ba.

Fara da tafasasshen ruwa. Ba ya wuce digiri 100, ba zai ƙona roba ba, ba zai tayar da gobara ba. Tsiyaya buta guda a hankali a kan wurin tiredin, ka gwada juyawa tun da zafinsa, kafin fil ɗin ma ya ɗauka. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, kuma ina mamakin yadda ake raina shi. Idan kana da na'urar hura iska mai zafi, ita ce ta gaba: nufi kunnen kawai, ka naɗe ɓangaren fistin da tiyo da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗiga ruwa a wurin, idan ya yi "cuu" ya ƙafe, zafin ya isa. Zagaye biyu ko uku na gasawa da hucewa, ana ɗiga mai yayin da yake hucewa, sun fi gashi ɗaya mai tsanani.

Harshen wuta kuwa, irin na mai walda da gas, ban yarda a kai shi kan kalifar da ke jikin babur ba. Ga tankin fetur a kusa, ga man kwance tsatsa mai kamawa da wuta. Sabon man birki mai lamba DOT 4 na jure digiri 230, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa na iya tafasa a wajen 155. Robobin ciki su ƙone ba ka gani ba, sai ranar da ka matsa birki a kan hanya. Alminiyam kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. A wajen digiri 660 yake narkewa, gaurayen da ake zuba kalifa da shi ma bai kai haka ba, kuma tun kafin nan ya yi rauni. Idan dole sai an sa wuta, a cire kalifar, a zare fistin da robobi duka, a wanke ta, a yi aikin a kan tebur, a mayar da sababbin robobi.

Idan ramin ya riga ya cinye

Yawancin masu neman wannan bayani a nan suke. Akwai hanyoyi, kuma a bi su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Idan cinyewar kaɗan ce, shafa man wasa bawul, mai yashi-yashin nan, a bakin alankin. Yana hana sulluɓewa. Idan ta wuce haka, nemi bakin Torx, mai kama da tauraro, wanda ya ɗan fi ramin girma. Ga ramin milimita 5, gwada T30, idan ya yi sako-sako ka hau T40. Buga shi da guduma har haƙoransa su sassaƙa wa kansu mazauni. Alankin inci mai lamba 7/32, wanda ya kai kusan milimita 5.6, shi ma yakan kama. Dama ɗaya ce ko biyu, don haka kada ka yi wannan sai bayan mai ya kwana kuma wurin na da ɗumi.

Hanyar da na fi so ita ce kama fil ɗin ta tsakiya. A kalifofi da yawa jikin fil a buɗe yake tsakanin takalman biyu ko ta samansu. Goge wurin da magagari ta fuska biyu ya yi fale-fale, ka damƙe shi da filaya mai kullewa iya matsewarta. Sai ku haɗa ƙarfi, kai kana juya filaya, wani na juya Torx ta kai, lokaci guda, ɓangare guda. Wurin ƙunci ne, juyin kaɗan-kaɗan zai riƙa yi, kana saki kana sake kamawa.

Idan har yanzu shiru, yanke fil ɗin da zarto a tsakiya, ka kiyaye jikin kalifa da faifai. A nan gara a sauke kalifar, a rataye ta da waya don kada nauyinta ya hau kan tiyo. Yankan na da amfani biyu. Takalman za su fita, fili ya samu. Sannan ka raba matsala gida biyu: guntun baki, wanda ba shi da tiredi, a murɗa shi da filaya a zare, guntun kai kuma yanzu tiredinsa kawai yake faɗa da kai, ba wuri biyu ba. Bar wa kowane guntu tsawon da filaya za ta kama. Sau da yawa za ka tarar ashe bakin ne ya kame, tiredin lafiyarsa ƙalau.

Daga nan sai mai walda. A ɗora noti a kan fil ɗin, a cika tsakiyarsa da walda. Walda ba ta kama alminiyam, zafin kuma na shiga fil ɗin kai tsaye ya farfasa tsatsar. A bar shi ya huce, sannan a sa sifana. Wannan ce ta fitar da na babur ɗin ƙanena, a gwaji na biyu, bayan notin farko ya ɓalle. A yi ta a kan kalifar da aka sauke aka cire wa robobi. Idan an wanke wurin da feshin wanke birki, a tabbatar ya bushe sarai, domin wasu irinsa na da sinadarin da ke zama iska mai guba idan ya haɗu da zafin walda.

Hanya ta ƙarshe hudawa ce. A dasa alama a tsakiyar fil daidai, a fara da siririn baki na milimita 2 ko 3, a riƙa ƙara girma har saura ɓawon tiredi, a tsince shi da tsini. Bakin huda mai juyin hagu ya fi, don sau da yawa yana cikin ci sai ya kwanto fil ɗin. Wannan aiki na injin huda na kan tebur ne da kalifa a matse, ba na hannu a tsaye ba, saboda baki na gudun ƙarfe mai tauri ya faɗa alminiyam mai laushi. Idan ba ka saba ba, kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe. Idan tiredin ya taɓu, suna iya sa masa zoben gyaran tiredi irin Helicoil.

Akwai wani tsinke mai murɗaɗɗen haƙori da ake sayarwa don ciro karyayyen noti. A kan fil ɗin da tsatsa ta kama, ina ba ka shawara ka bar shi. Siriri ne, mai tauri ne ƙwarai, kuma karyewa yake ba lanƙwasa ba. Idan ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cin sa.

Fil marar tiredi

Cire wayar da ta tare shi tukuna. Idan ta ruɓe ta karye a cikin ƙofarta, tsince guntun da allura, domin ɗan guntun nan ya isa ya hana fil fita. Goge jikin fil ɗin da sanfefa, ka cire tudun tsatsa da zai tokare a rami. Ɗiga mai, kama tsakiya da filaya mai kullewa, ka yi ta jujjuya shi gaba da baya har ya fara motsi. Sai ya juya sannan zai zaru.

Idan ramin ya ɓulle ta baya, sa ƙarfen bugu mai lafiyayyen baki ka bugo shi zuwa ɓangaren da kansa yake. Kada ka sa ƙusa ko wani abu mai tsini, zai buɗa bakin fil ɗin ya ƙara matsewa. Kada kuma ka buga bakin da guduma kai tsaye har ya baje kamar kan laima. Idan ya baje, goge shi da magagari kafin ka ci gaba. Tallafe kunnen kalifar ta baya da soket wanda fil zai iya shigewa cikinsa. Kunnen alminiyam da ba a tallafe ba karyewa yake.

Ga mai toshasshen rami, da filayar a damƙe, buga gefen filayar da guduma zuwa waje, tana jan fil ɗin. Idan ya ƙi, dabarar da aka saba ita ce a huda ƙaramar ƙofa ta milimita 3 ta bayan kalifa, saitin bakin fil daidai, a zura siririn ƙarfe a bugo shi. Auna sau biyu kafin ka huda, ka tabbatar wurin nesa yake da gidan fistin da hanyar mai. Bayan an gama a toshe ƙofar da ɗan giris ko silikon don kada ruwa ya shiga. Wasu kan raba kalifar gida biyu, amma wannan na bukatar sabuwar robar da ke tsakanin ɓangarorin da kuma fitar da iska daga birki bayan an haɗa.

Mayarwa

Da fil ya fita, duba kunnuwan kalifa a cikin haske. Idan ka ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, kalifar ta gama aiki, kada a yi mata walda a mayar. Idan lafiya, wanke ramuka da ƙaramin buroshin waya har farin garin ya fita, ka gwada sabon fil da yatsu. Ya kamata ya shiga ba tare da alanki ba har kusan ƙarshe.

Tsohon fil, ko ya fito lafiya, mirgina shi a kan gilashi ka ga ko ya lanƙwashe, ka shafa shi da farce. Idan takalma sun ci masa kwari, canza shi, domin a kwarin nan takalmi ke maƙalewa ya riƙa goga faifai. Kuma don Allah kada a maye gurbinsa da ƙusa ko wayar taya ko wani noti da aka tsinta. Na sha ganin haka. Fil ne kaɗai ke hana takalman zamewa su faɗo, idan suka faɗo kuwa hannun birki zai taɓo maƙura babu komai.

Shafa giris mai jure zafi, na tagulla ko na musamman don birki, siriri ƙwarai, a kan tiredi da bakin fil. Abin da zai hana ruwa zama kawai ake so, ba abin da zai narke ya gangaro kan faifai ba. Tabbatar farantin sifirin ya zauna yadda ka same shi. Hoton da ka ɗauka da waya kafin ka kwance zai yi maka amfani a nan. A kan Honda da yawa littafin gyara na ba da Nm 17 zuwa 18 ga fil (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), murfin kuwa wajen Nm 2 zuwa 3 kacal, wato da ya zauna an gama. Kowane babur da nasa awo, a duba littafinsa. Idan babu sifanar awo, kama hannun soket a kusa da kansa, ba a ƙarshensa ba, ka ɗaure har ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan. Fil marar tiredi kuma a sa masa sabuwar wayar da ke tare shi.

Goge faifai fuska biyu da feshin wanke birki ko sifirit da tsumma mai tsabta. Takalmin da mai ya taɓa ba ya wankuwa, a jefar. Kafin ka sauke babur daga ƙafarsa, matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, domin matsawar farko bayan canza takalma fanko ce. Juya taya ka ji ko tana tafiya, duba matakin man birki, leƙa ko akwai yoyo. Gwada a layin gida da tafiyar ƙafa, sannan ka bi sababbin takalman a hankali na kwanakin farko kafin su kama sosai. Idan an gasa kalifar ko an buɗe tiyo, a canza man birki gaba ɗaya a fitar da iska.

Daga yanzu, sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, kwance fil ɗin, goge shi, shafa masa giris ka mayar. Idan ka sayi babur ɗan waje, yi wannan a makon farko, tun takalman na da sauran nama kuma babu abin da ke koranka.